Idan Farar Wuta Ta Ƙone, SO₂ Ake Samu Ko SO₃?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyu na babbar sakandare, ina shirin WAEC baɗi in Allah ya kai mu. A jarrabawar gwaji an ce mu rubuta ikweshan na ƙonewar farar wuta a cikin oksijin mai yawa. Sai na tuna da kabon: idan oksijin ya yi kaɗan CO ake samu, idan ya wadata CO₂. Don haka na rubuta 2S + 3O₂ → 2SO₃, kuma na tabbata ya daidaita. Amma malaminmu ya soke shi, ya rubuta S + O₂ → SO₂. Da na duba intanet kuma sai na ga wasu sun rubuta S₈ + 8O₂ → 8SO₂. Kaina ya ɗaure. Wanne ne gaskiya cikin ukun nan? Kuma ta yaya nawa ya zama kuskure alhali babu atam ko ɗaya da ya ɓace? Allah ya ƙara basira."

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na ji daɗin tambayar nan, domin ta nuna ka yi tunani kafin ka rubuta, ka ɗauki abin da ka sani game da kabon ka gwada shi a kan wani sinadari. Haka ake son ɗalibin kemistiri ya yi. Hanyar ce kawai ba ta ɓulle ba a wannan karon, kuma dalilin rashin ɓullewarta ya fi makin da ka rasa amfani nesa ba kusa ba.

Idan na fahimce ka, abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya. Na farko mai sauƙi ne: S za a rubuta a matsayin alamar farar wuta ko S₈. Na biyu shi ne mai nauyin: tunda oksijin ya wadata, me ya hana farar wuta ta ɗauki atam uku ta zama SO₃, yadda kabon ke cika cikinsa ya zama CO₂?

Malaminku yana da gaskiya. Idan aka ƙona farar wuta, a cikin iska ne ko a cikin tsantsar oksijin, abin da ke fitowa mafi rinjaye shi ne SO₂. Cikakken rubutun shi ne:

S(s) + O₂(g) → SO₂(g)

Wanda ka gani a intanet shi ma daidai ne, magana ɗaya suke yi da wannan. Naka kuwa lissafinsa ya cika, sai dai ba shi ne abin da wuta take yi ba. Daidaita ikweshan yana tabbatar maka cewa ba a yi asarar atam a takarda ba. Ba ya gaya maka ko abin zai faru, ko a wane zafi, ko cikin wane lokaci. Waɗannan sai gwaji ya faɗa.

Abin da ido ke gani

Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma duk shekarar da kayan aiki suka samu ba na barin ɗalibaina su haddace ikweshan ɗin sai sun ga wutar da idonsu. Gani ya kori ji. Nakan tara oksijin a kwalbar gas ta hanyar zuba ruwan H₂O₂ a kan baƙin garin MnO₂. Sai in ɗebi garin farar wuta ɗan kaɗan, wanda bai kai ƙwayar wake ba, a cikin dogon cokalin ƙarfen nan na ƙona sinadari, in kanga shi a harshen wuta.

Garin mai ruwan ɗorawa yakan fara narkewa a wajen digiri 115 na ma'aunin Salshiyas, ya koma ruwa tsararo mai launin zuma. Da zafi ya haura digiri 160 sai ya yi duhu, ya yi ja, ya yi kauri har ya ƙi motsi a cokalin. Can wajen digiri 250 sai ya kama. A cikin iskar ɗaki wutar ƙarama ce, shuɗiya, ba ta da ƙarfin haske, har idan da rana ne na bayan aji sukan ce ba su ga komai ba. Amma da zarar na zura cokalin cikin kwalbar oksijin na rufe bakinta, sai ta tashi ta yi shuɗi shar, ajin ya yi tsit. Irin wannan shuɗin harshe ne masu yawon buɗe ido ke hawa dutsen Ijen na tsibirin Jaba a Indunusiya cikin dare don su kalla, inda tururin farar wuta ke fitowa daga tsagar dutse yana ci da wuta.

Bayan ta mutu sai mu yi bincike a kan abin da ya rage a kwalbar. Ɗan abin da ya sulale yana da wari mai shaƙe maƙogwaro, irin wanda kake ji a daidai lokacin da aka ƙyasta ashana. Ka lura, wannan ba warin ruɓaɓɓen ƙwai ba ne. Wancan na H₂S ne, kuma ɗalibai suna yawan haɗa su. Ita kanta farar wuta tsantsa ba ta da wari. Sai in jiƙa takardar tacewa da ruwan K₂Cr₂O₇, wato dayikuromet, mai ɗan asid, in zura ta a kwalbar: ruwan goro ya juye ya koma kore. Wannan ita ce shaidar. SO₂ tana da sauran gurbin karɓar oksijin, shi ya sa take ƙwace shi daga dayikuromet har launinsa ya canza. SO₃ ta riga ta cika, da ita ce a kwalbar da takardar ba ta canza launi ba. Daga nan in zuba ruwa kaɗan in girgiza, shuɗiyar takardar litimas ta koma ja, domin:

SO₂ + H₂O ⇌ H₂SO₃

Akwai abu guda da nake so ka riƙe. SO₂ ba ta da launi, amma kwalbar ba ta fitowa garau, kullum akwai wani siririn farin hazo a ciki. Hazon nan shi ne SO₃ ɗinka. 'Yar kaɗan ce ke samuwa, ta haɗu da laimar da ke cikin kwalbar ta zama ƙananan ɗigon asid. Ke nan ba a ce babu ita sam ba. Kashi kaɗan ce cikin ɗari, ikweshan kuwa ana rubuta shi ne a kan abin da ya rinjaya.

S ko S₈

A daskararriyar farar wuta atam ba ya zama shi kaɗai. Takwas-takwas suke haɗuwa su yi zobe, shi ne S₈, mai nauyin 256, wato nauyin atam ɗaya 32 sau takwas. Kaurin nan da na ce maka narkakken ruwan yana yi bayan digiri 160, zobban ne ke tsinkewa suna ƙulluwa da juna su zama dogayen sarƙoƙi masu sarƙewa. Saboda haka wanda ya rubuta S₈ + 8O₂ → 8SO₂ ya fi kusa da ainihin surar abin. Wanda ya rubuta S kuma ya raba komai da takwas ne. Kamar goro ne, ko ka ƙirga shi ɗai-ɗai ko ƙwarya-ƙwarya, yawansa bai canza ba. Kowane atam ɗaya na farar wuta yana cin O₂ ɗaya, ya ba da SO₂ ɗaya.

Za ka iya cewa, to me ya sa ba a yarda a rubuta O a madadin O₂ ba? Saboda oksijin gas ne, kuma girman wurin da gas ke cikewa ya danganta ne da yawan molekul ɗinsa. Idan ka rubuta O lissafin gas ɗinka zai ninka, ya lalace. Farar wuta kuwa daskararriya ce, da nauyi ake auna ta, kuma al'adar masana ce a rubuta daskararren sinadari da alamarsa kawai, yadda ake rubuta C ko Fe. A jarrabawa ka rubuta S, sai fa in tambayar ce da kanta ta kawo S₈.

Inda misalin kabon ya tsaya

Yanzu ga gundarin maganar. Mu ɗauki ikweshan ɗinka mu raba shi gida biyu, domin matakai biyu ne ka dunƙule:

S + O₂ → SO₂, yana fitar da zafi kilojul 297 a kowane mol (mol ma'aunin yawan sinadari ne, mol ɗaya na farar wuta giram 32 ne)

2SO₂ + O₂ ⇌ 2SO₃, yana fitar da kilojul 198, wato 99 a kowane mol na SO₂

Dubi kibiyoyin. Na farko kibiya ɗaya ce, tafiya ce ba dawowa. Na biyu kibiya biyu ce, ana zuwa ana komowa: yayin da wata SO₃ ke samuwa, wata tana wargajewa ta koma SO₂ da oksijin. Wanne ɓangare zai rinjaya, zafi ne ke yanke hukunci. Ƙa'idar da Bafaranshen nan Le Chatelier ya bayyana a 1884 ta ce idan haɗuwa mai kai-komo tana fitar da zafi, to ƙara mata zafi yana tura ta baya ne. Idan aka yi lissafi da alƙaluman da ke cikin teburan kemistiri, wurin da ma'aunin ke juyawa ga SO₃ yana wajen digiri 780. Ƙasa da haka SO₃ ce ke da rinjaye, sama da haka SO₂ ce. Tanderun da masana'antu ke ƙona farar wuta a ciki kuwa yakan kai digiri 1,000 ko fiye. Ka ga ke nan zafin da mataki na farko ya haifar shi ne ke hana mataki na biyu tsayawa da ƙafarsa.

To kabon fa? Shi ma mataki biyu ne, C zuwa CO, sannan CO zuwa CO₂. Amma matakinsa na biyu yana fitar da kilojul 283 a kowane mol, kusan ninki uku na 99 ɗin farar wuta. Saboda wannan riba mai yawa, CO₂ ba ta fara rinjayuwa ga wargajewa sai zafi ya doshi digiri 3,000, abin da wutar gawayi ko ta risho ba ta kusantarsa. Shi ya sa CO take kamawa da wuta da kanta, ta ci da shuɗin harshe a saman garwashi. SO₂ kuwa ko ka kanga mata ashana ba za ta kama ba, kashe ashanar ma za ta yi. Bambancin 283 da 99 shi ne duk sirrin.

Ɗalibi mai kaifin basira zai ce, to ai gas ɗin ba ya dawwama a cikin harshen wuta, yana fita ya huce, me ya hana shi zama SO₃ bayan ya sauko ƙasa da 780? Nan ne matsala ta biyu take, matsalar sauri. Kafin SO₂ ta karɓi ƙarin atam sai an tsinka ƙullin da ke riƙe da atam biyu na O₂, kuma ƙulli ne mai ƙarfi. Idan gas ya huce, molekul ɗin ba su da kuzarin da za su tsinka shi a karon da suke yi da juna. Za ka iya rufe busasshiyar SO₂ da oksijin a kwalba ɗaya a zafin ɗaki, ka dawo bayan lokaci mai tsawo ka tarar kusan ba abin da ya faru. Haɗuwar ta shiga tsaka mai wuya: inda akwai sauri, SO₃ ba ta iya zama, inda za ta iya zama, babu sauri.

A nan dole in ba ka haƙƙinka. Tunaninka cewa yawan oksijin yana tura haɗuwar zuwa SO₃ yana kan ƙa'ida, Le Chatelier ɗin ma haka ya ce. Sai dai turawar ba ta da ƙarfin da za ta rinjayi zafi, balle ma wadatar oksijin tana ƙara wa wutar zafi ne. Kalmar "mai yawa" a tambayar da aka yi muku tana nufin a tabbatar duk farar wutar ta ƙone, ba ta canza abin da ake samu. Haka nan idan oksijin ya yi kaɗan, ba a samun wani gas mai suna SO da zai tsaya a matsayin CO. SO takan bayyana a cikin harshen wuta na ɗan ƙiftawar ido ta wuce. Abin da za ka gani shi ne wutar ta mutu, sauran farar wutar ta rage a cokali, wata kuma ta tashi tururi ta daskare a jikin kwalba, rawaya fes.

Yadda ake tilasta SO₃ ta samu

Duniya tana matuƙar buƙatar SO₃, domin daga gare ta ake yin H₂SO₄, asid ɗin da muka fi sani a matsayin ruwan batir. Da shi ake jiƙa dutsen fosfet a yi takin supa da manomanmu ke zuba wa gyaɗa da wake. Da shi ake jiƙa niƙaƙƙen dutse a Arlit ta Jamhuriyar Nijar don a tatso yuraniyom. Da a ce ikweshan ɗinka yana faruwa da ƙyasta ashana kawai, da masu masana'antu sun huta. Wahalar da suke sha ita ce babbar hujjar cewa ba ya faruwa.

A 1831 wani mai sana'ar ruwan tsami na binega a garin Biristol na Ingila, Peregrine Phillips, ya yi rajistar wata dabara: a bi da SO₂ da iska ta kan ƙarfen filatinam mai zafi. Filatinam ɗin katalis ne, wato mai hanzarta haɗuwa ba tare da shi ya ƙare ba. Daga baya aka koma amfani da V₂O₅, domin ya fi araha kuma ƙazantar da ke cikin gas, musamman asenik, ba ta saurin kashe shi. Aikinsa shi ne ya miƙa wa SO₂ atam ɗaya na oksijin daga jikinsa, sannan ya mayar da gurbinsa daga iska. Littattafai kan taƙaita shi haka:

SO₂ + V₂O₅ → SO₃ + V₂O₄

2V₂O₄ + O₂ → 2V₂O₅

Dubi tsarin masana'antar, za ka ga duk bayanin da na yi maka a aikace. Ana ƙona narkakkiyar farar wuta a tanderu da busasshiyar iska, a samu SO₂. Sai a sanyaya gas ɗin da gangan zuwa wajen digiri 450, inda katalis ke iya aiki kuma SO₃ ke iya zama. Da ya ratsa shimfiɗar katalis ta farko, zafin kilojul 99 ɗin nan sai ya sake ɗumama shi, haɗuwar ta tsaya. Sai a fitar da shi a sake sanyayawa, a mayar da shi shimfiɗa ta biyu, haka har sau huɗu galibi. Masana'antun zamani sukan tsame SO₃ ɗin da ta samu a tsakiyar tafiya don ragowar ta sami sararin ci gaba, da haka suke juya fiye da kashi 99 cikin ɗari. Matsin iska kuwa kaɗan ake ƙarawa a kan na yau da kullum, tunda ribar da ake samu ba ta kai kuɗin matsawar ba.

Ko a ƙarshe ba a zuba SO₃ cikin ruwa kai tsaye, domin zafin haɗuwarsu yana tayar da hazon asid mai wuyar kamawa, irin farin hazon kwalbarmu amma a babban sikeli. Ana shigar da ita ne cikin kakkauran H₂SO₄, sannan a tsarma:

SO₃ + H₂SO₄ → H₂S₂O₇

H₂S₂O₇ + H₂O → 2H₂SO₄

Saboda haka ikweshan ɗinka yana da wurin zamansa. Jimillar matakai biyu ne, kuma a darasin dokar Hess, inda ake tara zafin matakai, za ka gamu da shi: 297 a tara da 99 ya ba da 396, zafin samuwar mol ɗaya na SO₃ daga farar wuta da oksijin. A can daidai ne. A matsayin amsar "me ke faruwa idan farar wuta ta ƙone" ne bai zauna ba.

Lissafin da ke cikin ɗan gajeren ikweshan

S + O₂ → SO₂ yana da wani kyau da nake so ɗalibai su lura da shi. Nauyin atam na farar wuta 32 ne, na O₂ shi ma 32 ne, wato 16 sau biyu. Giram 32 na farar wuta yana cin giram 32 na oksijin ya ba da giram 64 na SO₂. Duk nauyin da ka ƙona, ninkinsa ne ke tashi sama. Mutum yana ganin garin ya ɓace daga cokali sai ya zaci abin ya ragu, alhali ƙaruwa ya yi. Wannan ƙaruwar nauyi ta farar wuta da fosfaras ce Antoine Lavoisier ya lura da ita a 1772, ya rubuta ta a takarda ya liƙe ya ajiye a Cibiyar Kimiyya ta Faransa, kuma daga nan ya kama hanyar gane cewa ƙonewa haɗuwa ce da wani ɓangare na iska.

Ga misali irin na jarrabawa. An ƙona giram 8. Raba 8 da 32, ka sami mol 0.25. SO₂ ɗin ma mol 0.25 ce, nauyinta giram 16, girmanta a ma'aunin s.t.p. (daidaitaccen zafi da matsi, inda mol ɗaya na gas ke cike lita 22.4) 0.25 sau 22.4, wato dm³ ko lita 5.6. Zafin da ya fita kusan kilojul 74. Gwada da S₈: 8 a raba da 256 ya ba da 0.03125, sau takwas ya dawo 0.25. Amsa ɗaya ce. Wurin da ake zamewa shi ne adadin zafi. Idan da S₈ ka rubuta ikweshan, to zafin da za ka rubuta a gefensa 297 sau takwas ne, 2,376, domin adadin yana bin yadda aka rubuta ikweshan ɗin ne.

Wani abin lura kuma: mol ɗaya na gas ya shiga, mol ɗaya ya fito. Idan ka ƙona farar wuta a rufaffiyar kwalba ka bar ta ta huce, matsin da ke ciki kusan yadda yake ne tun farko. Idan a iska aka ce an ƙona, ka tuna oksijin kashi 21 ne cikin ɗari, don haka giram 32 yana buƙatar iska kimanin dm³ 107. A ɓangaren lambar oksideshan kuwa, farar wuta ta tashi daga 0 zuwa +4, kowane atam na oksijin ya sauka daga 0 zuwa −2. Daga nan sunan SO₂ da manhajar WAEC da NECO ke amfani da shi ya fito, sulphur(IV) oxide. SO₃ tana kan +6, ƙololuwar abin da farar wuta za ta iya kaiwa tunda elektiron shida gare ta a zagayen waje.

Farar wutar da ke ɓoye cikin wasu abubuwa

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce, ko a wace riga farar wuta ta shiga wuta, da SO₂ take fitowa:

2H₂S + 3O₂ → 2SO₂ + 2H₂O

CS₂ + 3O₂ → CO₂ + 2SO₂

4FeS₂ + 11O₂ → 2Fe₂O₃ + 8SO₂

2ZnS + 3O₂ → 2ZnO + 2SO₂

Dubi na biyun da kyau. A wuta ɗaya, da oksijin ɗaya, kabon ya kai ƙarshen tafiyarsa, farar wuta kuwa ta tsaya a SO₂. H₂S kuma tana da labarin ƙarancin oksijin, inda take ba da 2H₂S + O₂ → 2S + 2H₂O. Matatun mai suna cin moriyar irin wannan: sukan ƙona kashi ɗaya cikin uku na H₂S ɗin da suka cire daga mai ya zama SO₂, sannan su haɗa shi da ragowar, 2H₂S + SO₂ → 3S + 2H₂O. Mafi yawan farar wutar da ake sayarwa a duniya yau daga nan take fitowa.

Ikweshan ɗin S + O₂ → SO₂ yana aiki a bayan shagunanmu kullum. Akwai farar wuta a cikin man dizal. A 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahotonta kan ƙazamin man da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma, dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, alhali iyakar Turai kashi 10 ce. Yi lissafin da kanka: litar dizal tana da nauyin kimanin giram 840, a wancan ma'auni akwai giram 2.5 na farar wuta a ciki, wato giram 5 na SO₂ daga kowace lita da janareta ya sha. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan, wanda ya rage adadin sau sittin.

Idan abin ya yi yawa bala'i ne. A watan Yunin 2003 wuta ta kama tarin farar wuta a masana'antar Mishraƙ kusa da Mosul a Iraƙi, ta yi kusan wata guda tana ci, kuma an ƙiyasta ta saki kimanin tan 600,000 na SO₂. Da ikweshan ɗinmu ka san cewa wajen tan 300,000 ne ya ƙone. A Landan kuma, hazon Disambar 1952, wanda hayaƙin kwal mai farar wuta ya haddasa, ya kashe aƙalla mutum 4,000 cikin 'yan kwanaki. A sararin sama ne mataki na biyun nan ke samun lokacin da wuta ta hana shi: cikin kwanaki, da taimakon hasken rana da ɗigon ruwan gajimare, SO₂ takan koma H₂SO₄ ta sauko da ruwan sama. Haka kifaye suka ƙare a tafkuna da dama na Suwidin da Nowe saboda hayaƙin masana'antun wasu ƙasashen Turai. Ta fuskar amfani kuma, manoman Malatya a Turkiyya suna ƙona farar wuta a rufaffen ɗaki su turara 'ya'yan itacen afirikot kafin su shanya, SO₂ ɗin ce ke hana su baƙi da ruɓewa.

Iyakar abin da na faɗa

Ni malamin aji ne, kuma da ma'aunin aji na yi maka bayani. Ikweshan ɗin nan taƙaitawa ce ta farko da ƙarshe. A cikin harshen wutar akwai matakai da yawa, zobban S₈ suna farfashewa zuwa ƙananan gutsattsari irin S₂ kafin su gamu da oksijin, kuma wannan fage ne na masu bincike a jami'a. Adadin 780 da na ba ka ma lissafi ne a kan matsi na ƙa'ida, yana ɗan motsawa idan yawan oksijin ya canza. Takardar jarrabawarka kuma ban gan ta ba, a kan yadda ka kawo tambayar na yi hukunci. Idan da an ambaci katalis ko V₂O₅ a ciki, to maganar SO₃ ake yi, kuma amsar ita ce 2SO₂ + O₂ ⇌ 2SO₃ da kibiya biyu. Ka koma wurin malaminku cikin ladabi ka nuna masa yadda ka yi tunanin kabon. Ina kyautata zaton zai ji daɗi, wataƙila ma ya mayar da shi darasi ga ajin gaba ɗaya.

Roƙona gare ka, kada ka sayo farar wuta wurin 'yan koli ka ce za ka gwada a ɗaki. SO₂ ta fi iska nauyi fiye da ninki biyu, ƙasa-ƙasa take kwanciya inda yara ke wasa da barci, kuma idan ta taɓa laimar ido da maƙogwaro asid take zama nan take. Mai ciwon asma kaɗan ta ishe ta tayar masa da ciwo. Ni kaina kafin in kunna ta a ɗakin gwaji sai na buɗe tagogi duka, na tambayi masu asma su koma bakin ƙofa, na ajiye kofin ruwa kusa don tsoma cokalin da zarar an gama, sannan in zuba ruwan NaOH a kwalbar ya shanye ragowar gas ɗin: SO₂ + 2NaOH → Na₂SO₃ + H₂O. Masu zuba ta a garwashi su rufe ɗaki don korar ƙwari ko neman magani, ka faɗa musu wannan.

Ga aikin gida. Daga 1 ga Janairun 2020 hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya ta rage iyakar farar wuta a man jirage daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.5. Jirgi ya ƙona tan 100 na mai. Nawa ne nauyin SO₂ da zai saki a tsohuwar iyaka, nawa ne a sabuwa, kuma tan nawa na oksijin farar wutar kaɗai ta cinye a kowanne? Idan ka sami tan 7 da tan 1 a kashin farko, kana kan hanya, sai ka ƙarasa na biyun ka aiko mini.